Haƙoran Ƙasa

"Ku buɗe sosai, Baba."

Barau ya buɗe. Tun yana saurayi yake buɗe bakin shanu a kara, kasuwar shanu ta Maigatari, ya duba haƙora ya faɗi shekaru. Yau nasa ake dubawa, a wani ɗan ɗaki na asibiti a Gumel. Tayyiba, mai aikin haƙori, ta taɓa na ƙasa da ɗan ƙarfe. Suka yi lilo.

"Tun yaushe dasashin yake jini?"

"An daɗe. Ai jinin banza ne yake fita. In na gani, sai in ɗauke asuwaki daga wurin, ya huta."

"Wurin da kuka bari ya huta, shi ne ya ruɓe."

Ta nuna masa a madubi. Datti ya daskare a gindin haƙoran kamar dutse. Dasashin ya janye ya bar su tsirara.

"Ba a taɓa ce muku ku zo a wanke ba?"

"An ce. Amma Ishaƙ abokina ya zo kun wanke masa, ya koma gida da giɓi. Kafin damina biyu sun zube."

"Ba wankin ya zubar da su ba. Shi ma a makare ya zo."

Barau ya gyara rawani.

"To, 'yata, ki ba ni ƙwaya. Ni dillali ne, da baki nake ci. Sai na kai bakina kunnen mutum ake gama ciniki. Yanzu in na matso sai su kau da kai."

"Warin zai ragu in an wanke. Turamen ma, haƙoran tauna na ciki, za su tsira, in kuna goge har gindi safe da dare, ko da jini. Amma huɗun nan na gaba cirewa za a yi. Ƙashin da yake riƙe da su ya cinye."

"Ba ya tsirowa?"

"Ba ya tsirowa, Baba."

Ya ce zai dawo. Bai ce yaushe ba.

Alhamis ce, ranar kasuwa. Kafin azahar motar haya ta sauke shi a Maigatari. Kara ta cika, har da garken da aka koro daga Nijar. Abdulganiyu, wani matashi mai sayen shanun kiwo, ya ɗago masa hannu.

"Dillalin dillalai! Ina ka shige? Zo ka duba mini wannan."

Farar saniya ce, mai dogon ƙaho. Mai ita wani dattijo ne, ya riƙe igiyar da hannu biyu.

Barau ya matsa kusa da kunnen Abdulganiyu, kamar kullum. Yaron ya ja baya kaɗan, yana murmushi.

"Faɗi daga nan, Baba Barau. Ina jin ka."

Barau ya juya ya kama hancin saniyar, ya ja leɓenta ƙasa. Haƙoran sun yi tsawo, sun rarrabu. Ya danna da babban yatsa. Suka motsa.

"Tana ci fa," in ji dattijon. "Wallahi tana ci. Dusa nake jiƙa mata."

"Dusa," in ji Barau.

"In ta samu ciyawar damina za ta murmure."

Barau bai cire yatsansa ba. Saniyar tana huci a tafin hannunsa, da ɗumi. Harshensa ya kai kan nasa haƙoran, ya tura a hankali, ya ji sun bi.

"Yaya?" in ji Abdulganiyu. "Ta kiwo ce?"

Barau ya saki leɓen. Ya goge yatsa a gefen riga, ya kai gefen rawaninsa ya rufe baki.

"A kira mahauta," ya ce.