Akushin Inna Laure

"Na ba ka akushi, ka ba ni tangaran," in ji Hodi.

"Ka yarda? Ba dawowa," in ji Tamba, taubashinsa.

Suka tafa hannu a zauren gidansu na Argungu. Lokacin albasa ta fara yi wa Hodi rana, zai koma Birnin Kebbi, ya ga baƙin akushin mahaifiyarsa, marigayiya Inna Laure, ba zai shiga gidan siminti ba. Ya kwashi farantan da Tamba ya samo wurin wani ɗan koli, yana murna ya cuci baƙauye.

Shekaru suka tura. Hodi ya zama Alhaji, shinkafa sai 'yar waje, ci sai da cokali.

Kwatsam manyan gari suka juya. Gidan da ka shiga a unguwar Badariya, tuwon shinkafar gida ake kawowa cikin akushi, ana ɗaukarsa hoto kafin a sa hannu. Rauda, 'yar Hodi, za ta auri ɗan irin gidan nan, ta kuma riga ta yi wa uwar miji alkawarin akushin kakarta zai zo cikin kayan ɗaki. Uwar mijin har ta shaida wa ƙawayenta.

"Baba, sabo na kasuwa ba zai yi ba, sun san tsoho," in ji Rauda.

Hodi ya kama hanyar Argungu. Ya tarar da Tamba bisa tabarma, akushin a gabansa cike da tuwon shinkafar gida, yana ƙyalli saboda shekarun man shanu.

"A'a, Bature! Mi ya kawo ka wurin ƙauyawa?"

"Bari, taubashi. Mutuncin ɗiyata na cikin kwanon ga."

"Ina tangaran?"

"Sun fashe. Ɗayan da ya rage kaji ke shan ruwa ciki."

Tamba ya yi dariya har da tari. Ya ce ba ya sayarwa. Amma in Alhaji zai tuɓe takalmi, ya naɗe hannun riga, su cinye tuwon nan tare kamar da, zai ba Rauda akushin kyauta.

Hodi ya zauna. Loma ta farko da miyar kifi, ya kai ta biyu. Ya suɗe kwano, ya tambaya ko da saura.

Rauda ta fita kunya. Tamba ya sami kujerar gaba ranar biki, da abin tsokana na har abada. Hodi kuwa, shekarun da ya yi yana cin shinkafar da ba ta da ƙamshi, babu mai mayar masa da su.