Kwandon Sharar Hedimasta

Ƙarfe goma na safe Auta ta kira mahaifinta daga gadon asibiti. An ce ƙarfe huɗu za a yi mata aiki a ciro jaririn, don ya ƙi juyowa. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi tayar masa da hankali ke nan.

"Baba, na manta muryar Umma," ta ce. "Tun jiya nake nemanta a kaina. Ka zo min da ita kafin su shiga da ni."

Shekara tara da rasuwar matarsa, kuma duk abin da ya rage na muryarta yana cikin tsohuwar kwamfutar da ke kan teburin ɗakinsa. Hedimasta, haka kowa ke kiransa har bayan ritaya, ya danna maɓallin. Fanka ta yi gurnani, allo ya tsaya baƙi ƙirin, sai wani ƙas-ƙas-ƙas daga ciki. Ya cire batir ya hure shi, ya sauya soket, har ya ɗan mare ta kamar mai tashin ɗalibin da ke gyangyaɗi. Ko gezau.

Mutumin da bai taɓa sauri a gaban jama'a ba, sai ga shi yana hawa benen masu gyaran kwamfuta yana haki, wayar caja na jan ƙasa a bayansa.

Mai gyaran, wanda 'yan benen ke ce wa Likita, ya kwance sukurori, ya goge ƙura, ya kara kunnensa. Fuskarsa ta sauya.

"Baba, faifan ajiyar ne ke shirin mutuwa. Zan ciro shi in jona a tawa. Amma duk tashin da ya yi, yana iya zama na ƙarshe. Me kake so a ciki?"

"Komai."

Ga inda halin Hedimasta ya cuce shi. Shekara talatin yana ba da umarni, bai saba yi wa kowa bayani ba. Shi kuwa Likita ya yi abin da kowane mai gyara ke yi, ya bi takardu da hotuna yana kwafa. Awa biyu faifan na tari yana aman tsofaffin tambayoyin jarrabawa da jadawalin darasi, kayan da ko ɓera ba zai nema ba.

"An gama, Baba. Duba."

Hedimasta ya gyara tabarau, ya duba sama, ya duba ƙasa. "Ina kwandon?"

"Wane kwando?"

"Kwandon shara. A nan suke."

Lokacin rasuwar, Auta na da shekara goma sha huɗu. Kullum sai ta buɗe bidiyoyin mahaifiyarta ta yi ta kuka har ta daina cin abinci. Gogewa ta gagare shi, sai ya tura su kwandon sharar kwamfutar, inda ya san ba yaron da zai leƙa. Bai taɓa zubar da kwandon ba, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba. A wurinsa akwati ne mai kwaɗo.

Likita ya dafe kai. "Haba Baba! Wa yake kwashe wa mutum shara?"

"Ɗana, ka rufa min asiri." Tsoro ya kama Hedimasta sosai. "Ƙarfe huɗu za su shiga da 'yata."

Biyu da rabi ta wuce. Likita ya sake jona faifan, shiru. Ya sake, shiru. A na uku ya yi gunji ya tashi. Kwandon ya buɗe, amma sunayen fayilolin duk sun rikiɗe sun koma tarkacen haruffa, sai girmansu kawai ake ganewa.

"Wancan babban! Minti arba'in ne, tana ba da labari."

"Ba zai kai ba, Baba."

"Na ce babban!"

Likita bai ko kalle shi ba, ya danna mafi ƙanƙanta. Ya shige kwamfutarsa. Ya kai hannu kan na biyu ke nan, faifan ya yi ƙas sau ɗaya ya yi tsit.

Hedimasta ya shaƙo wuyan rigar Likita, sannan ya saki, kunya ta rufe shi. Likita ya gyara riga, ya kunna abin da aka samu. Daƙiƙa tara ne. Ba fuska, sai silin da gefen labule. Muryar Hedimasta ce ta fara fita: "Ya kama kuwa? Ina jin bai kama ba." Sai dariya, sai muryar matarsa: "Kai dai Malam! Auta! Auta, zo ki koya wa babanki."

Shi ke nan. Likita ya tura masa shi a waya.

Huɗu saura kaɗan ya isa asibitin, an riga an turo gadon Auta cikin baranda, mijinta na biye. Ya so ya ce mata wannan kaɗai ya iya cetowa, kuma laifinsa ne. Sai ya kara mata waya a kunne yana bin gadon da sassarfa.

Auta ta rufe ido. Dariyar ta wuce, kiran ya zo.

"Na'am, Umma," ta ce.