Ƙashin Obadiah

"Ashirin da tara, talatin. Hura masa iska!"

Mikail ya ɗaga haɓar mutum-mutumin robar, ya hura sau biyu, ya koma danna ƙirji. Wayarsa ta yi motsi a aljihu, nan take lissafin ya ɓace masa.

"Malam Mikail, mutuminka ya mutu," in ji Malama Rashida, nas ɗin da ke koyar da su taimakon gaggawa. "Sake daga farko."

Ajin ya yi dariya. Su goma sha biyu ne a wani ɗakin taro a unguwar Gomari, yawancinsu direbobi da malaman firamare waɗanda wurin aikinsu ya turo. Shi kaɗai ne ba wanda ya turo shi. Ilimin tono kayan tarihi ya karanta a Zariya, ya yi rani uku yana haƙa tsofaffin tuddai a hanyar Dikwa tare da wata tawagar masu bincike, kafin rikici ya rufe dajin. Dokar tawagar ita ce ba mai shiga daji sai da takardar taimakon gaggawa wadda ba ta ƙare ba. Wannan ne karo na biyar da yake sabunta tasa, bai kuma sake taka daji ba.

Da aka ba da hutu ya fita baranda ya duba wayar. Saƙon shugaban tawagar ne, layi biyu: bana ma an ɗage fita daji, sai a ga baɗi. Ya karanta sau uku. Ya sauka tsakar gida, ya dawo, ya zauna, ya sake miƙewa.

Bayan azahar aka shiga darasin karaya. Malama Rashida ta tambayi ƙasusuwa nawa ne a ƙwauri, ya amsa, ya ƙara da yadda ake bambance na dama da na hagu. Wata dattijuwa mai suna Susanna, mai dafa abinci a wata makaranta a Jiddari Polo, ta juyo ta daɗe tana kallonsa. Da aka ce kowa ya nemi abokin gwaji, ita ta jawo kujera kusa da shi.

"Ɗana, likita ne kai?"

"A'a, Mama. Ƙasusuwan mutanen dauri nake tonowa daga ƙasa."

Ta fara naɗa masa bandeji a hannu, ba ta ɗago ba.

"In mutum ya taɓa karyewa, aka yi masa ɗori ya warke, ana ganewa a ƙashinsa bayan ya mutu?"

"Ana ganewa. Wurin yakan yi kumburi kamar ƙulli."

"Ko bayan shekara goma?"

"Ko bayan dubu."

Sai ta gaya masa. Ranar da aka shiga ƙauyensu a gindin dutse, bayan Gwoza, an kashe maza uku a bakin gona: mijinta Obadiah, da ƙanen fasto, da maƙwabcinsu Mahmud. Mata ne suka binne su a rami ɗaya, cikin sauri, kafin su gudu. Yanzu mutane sun fara komawa, sun tarar ruwa ya yanka kwari yana cin ƙasa, saura taku kaɗan ya kai ramin. Damina ɗaya ta isa.

"Bulama, mai garinmu, ya yarda, liman da fasto ma sun yarda. Kowane gida na son ya binne nasa yadda addininsa ya ce. Amma wa zai ce wannan ne wane? Obadiah ya taɓa faɗuwa a babur ya karya ƙafa. Mahmud kuma dogo ne, ya fi su duka."

Mikail ya janye hannunsa, bandejin ya warware.

"Mama, wannan ba aikina ba ne. Waɗanda nake tonowa ba su da suna, ba mai tsayawa a kaina yana kuka. In na yi kuskure fa? Ku nemi hukuma."

"Mun nema. Sun ce mu jira."

Ta naɗe bandejin tsaf ta ajiye a tebur.

Ya fita ya yi alwala, ya yi la'asar, ya kasa tuna ko raka'a uku ya yi ko huɗu. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon kekunan haya suna wucewa zuwa cikin gari. Zai iya tafiya gida Mafoni yanzu, ya dawo wani zangon. Ya tuna yadda ruwa ke yi wa kabari: ƙananan ƙasusuwan yatsu ne ke fara tafiya, daga nan komai ya cakuɗe, ba mai iya raba su. Ya san kuma abin da mutanen ƙauye za su yi in sun gaji da jira. Diga za su ɗauko.

Jarrabawar ƙarshe ta zo. Kowa zai ɗaure ƙafar abokinsa da katako kamar ta karye. Susanna ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa, tana kallon bango. Ya durƙusa ya jera katakon, ya fara ɗauri a sama da gwiwa.

"Ku riƙa yi wa majinyaci magana!" Malama Rashida ta ɗaga murya. "Ba itace kuke ɗaurewa ba."

Mikail ya ja ƙullin na biyu, ya duba ko ya matse da yawa.

"Mama," ya ce a hankali, "wace ƙafa ya karya?"

Ta juyo.

"Ta hagu. Ƙasa da gwiwa."

"To. Sai an samo izinin 'yan sanda a rubuce, da rakiyar soja. A tanadi rariya, da farin yadi guda uku. Zan zo da sauran kayan."

"Yaushe?"

"Asabar. Ki kira bulama yau, ki ce kada kowa ya sa ƙarfe a wurin kafin in iso."

Malama Rashida ta iso kansu, ta sa yatsa ƙarƙashin ɗaurin, ta gyaɗa kai, ta wuce na gaba.