Gaisuwar Tsaye

Ranar da aka manna sanarwa a allon buro, wato ofishinsu na aikin gona, Zulai ta tsaya gabanta tana karantawa. Ana neman shugabar sashen mata, kuma sunanta na cikin mutum biyu da za a duba. Shekara takwas ke nan tana hawa babur daga Konni zuwa ƙauyukan Bazaga da Alela, tana koya wa mata adana irin wake don kada ƙwari su cinye shi kafin shuka. Sai ga shi yau an tuna da ita. Don murna, har mai gadi sai da ta gaishe shi sau biyu.

Murnar ba ta kai azahar ba. Takardar awon ma'aikata layi shida gare ta tun da can, amma sabon darakta, Mushe Ousmane, ya ƙara na bakwai da hannunsa: shiga. Duk macen da ke son muƙami, in ji shi, ta zo aiki da siket da kwat da takalmi mai tsini, domin shugaba ita ce fuskar buro. Ya dubi zanen Zulai da takalminta na roba ya ba ta huɗu cikin ashirin. Ummulkhairi sakatariya, wadda suke takara tare, ta samu sha takwas. Da wannan layi kaɗai Zulai ta koma baya.

Mutari direba shi ne delegen sandika, wato wakilin ƙungiyar ma'aikata, mutum ne kuma da ba ya iya magana a zaune. Ya tara ma'aikata gindin itacen bedi, ya ce shi dai bai taɓa jin inda kwat ta hana wake ruɓewa ba. Aka rubuta takardar ƙorafi zuwa babban buro na Yamai. Abin da ya fi ba Zulai mamaki, Ummulkhairi ce ta fara sa hannu, tana cewa ba ta son kujerar da tela ya ɗinka mata.

Mako biyu bayan haka Yamai ta turo Madam Sa'ida ta duba ƙorafin, doguwar mace mai tabarau, ita ma cikin siket da kwat. Aka yi ta ja-in-ja a ɗakin taro, darakta na maganar baƙi da mutuncin buro, Mutari na maganar taɓo da hanya. Da ya ga ba za a gama ba, sai Mutari ya sassauta murya.

"Mun yarda, Mushe. Ta sa kayan da kake so ran Alhamis, amma ku biyo ta ku ga aikinta."

Zulai ta ji tsoro da daɗi sun haɗe mata wuri guda. Ummulkhairi ta ara mata siket baƙi da kwat da takalmi mai tsini, ta tsaya kanta har ta koyi tafiya da takalmin. Tun da siket ba ya hawa babur, ran Alhamis da hantsi aka sa ta gaban motar buro, ita da ta saba bin wannan hanya rana na dukan bayanta. Duk keken jakin da suka wuce sai ta ɗaga masa hannu. A ranta tana ta jera abin da za ta nuna: jarkokin iri, da gwajin tsiro a jiƙaƙƙen buhu, da matan nan arba'in da ta san sunan kowacce.

Sun tarar da matan kuwa cike da tabarmi a inuwar tsamiya, a wani ƙauye gaba da Bazaga. A tsakiya Inna Kande take, tsohuwar da ba a buɗe taro sai ta yi bisimilla. Kullum Zulai kan durƙusa gabanta gwiwa biyu, ta tambayi kwana da gajiya da jikoki ɗaya bayan ɗaya. Yau ma ta nufe ta da fara'a, ta sunkuya, sai siket ya ce nan ne iyaka. Ta sake gwadawa, ta ji ɗinki na ƙara. Dole ta miƙe, ta dafa ƙirji, ta yi gaisuwar a tsaye.

Inna Kande ta dube ta sama da ƙasa. Ta juya ga ta kusa da ita ta tambaya wace ce wannan baƙuwa.

"Inna, ni ce, Zulai."

"Zulai da na sani ba ta yi mani gaisuwar jandarma. Mi munka yi maki, ɗiyata?"

Daga baya wata ta fara naɗe tabarmarta, wata ta saɓa goyo. Darakta na tambayar Mutari me ke faruwa, Madam Sa'ida kuma na rubutu a littafinta. Zulai ta ga shekara takwas na shirin watsewa gaban idonta, ta san kuma in ta cire kayan nan ta karya sharaɗin da aka zo a kansa. Ba ta daɗe tana tunani ba. Ta tuɓe takalmin nan take, ta roƙi wata mai suna Nasiba aron zane, ta shige bayan darni. Da ta fito, sai ta zube gaban tsohuwar ta faro gaisuwa daga tushe.

Dariya ta ɓarke. Inna Kande ta ja mata kunne ta ce ashe gwiwar na nan, sannan ta yi bisimilla. Aka jawo jarkoki, aka buɗe, wake ya zubo fes babu huda ko ɗaya. Mata na rige-rigen nuna nasu, Zulai na kiran sunaye. Ana cikin haka tsohuwar ta nuna Madam Sa'ida da haɓa ta tambaya ko ita ma ƙawar tata ciwon gwiwa take. Madam ta cire tabarau ta yi dariya har da hawaye, ta ce a samo mata zane ita ma.

A hanyar dawowa darakta ya sake ɗauko maganar mutuncin buro. Madam ta bar shi ya gama, sannan ta ce tsabta kam wajibi ce, amma ba za a ƙara ba kowa maki kan yanayin ɗinkinsa ba. Ta ja biro a kan layi na bakwai. Game da muƙamin kuwa, ta ce Yamai za ta rubuto.

Kwana goma sha ɗaya Zulai ta yi tana leƙen allo. Ranar Litinin da safe ta ji Mutari na danna odar mota tun daga bakin titi. Ya fito ya ɗaga ambulan ɗin wasiƙar Yamai a sama, ma'aikata na bin sa. Ya nufo Zulai da wasiƙar, sai Ummulkhairi ta karɓa ta buɗe, ta karanta a ranta, ta ɗago.

"Maki ɗaya da rabi kika fi ni, Shugaba. Sai ki maido mani siket ɗina."

Sannan ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, har darakta ya leƙo ta taga.