Siddo da Kat-san-kat

Mun tura motar har bakin masallacin unguwa ba ta tashi ba. Muka juyo da ita, muka sake turawa. Ta yi tari, ta yi shiru.

Siddo yana zaune a kan tabarma a ƙofar zaurensa, ya jingina da bango, yana kallonmu. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Ƙafafunsa sun kumbura har ba sa shiga takalmi. Ma'aikacin likita na nan Gaya ya ce abin ya fi ƙarfinsa, a kai shi Dosso. Siddo ya ce zai je, amma a motarsa.

Motar tsohuwar Pijo ce, wadda direbobi ke kira De-san-turwa, baƙa, bayanta a dunƙule kamar an kife ƙwarya, da zakin ƙarfe a kan hancinta. Da ita ya yi jigilar fatake tsakanin Gaya da Kamba tun zamanin Nasara. Ta daɗe a ajiye ƙarƙashin darbejiya.

Lokacin da na dawo daga karatu a Dakar na kama aiki a duwan, wato kwastan, a zauren nan direbobi ke taruwa bayan la'asar. Musun kullum ɗaya ne. Siddo ya ce kamfanin ya gama ƙera mota tun daga tasa. Wadda ta biyo ta, ya yarda da ita rabi. Sabuwar kuwa, Kat-san-kat, ya ce akwati ce aka sa wa ƙafa, duk kusurwa, ga wasu fikafikai a baya kamar za ta tashi. Sun sauke zakin daga hanci sun manna shi a fuska kamar tambari, sannan suka fara cika mutane da labarin gudu. Nakan karanta musu mujallun da na zo da su. Siddo ba ya sauraren rubutun, hotunan yake karɓa ya duba.

Da Yakuba, wani matashi cikin direbobin, ya sayo Kat-san-kat, zaman ya koma tasha, inda take. Ba wanda ya yi faɗa da Siddo. Sun dai daina zuwa. Shi kuma ya faɗa a gaban mutane cewa ba zai taɓa shiga cikinta ba. Daga nan sai ni, wani lokaci, sai ƙanwarsa Aisata da ta zo daga ƙauyen Bana tana yi masa abinci.

Aisata ce ta aika aka kira Yakuba, ba ta tambayi kowa ba. Ya zo ya tsayar da motarsa nesa kaɗan, ya durƙusa ya gai da Siddo.

"Baba, ga jaka ta zo. Doki ya ƙi tashi."

"Ka zo ka yi mini dariya ne."

"Na zo in kai ka Dosso. Dariyar sai ka dawo."

Siddo ya dubi tasa motar inda muka bar ta a karkace a tsakiyar hanya. Ya ce a mayar da ita inuwa tukuna. Muka mayar. Sannan ya ce ba zai kwanta a baya kamar buhun gero ba, a sa shi gaba. Ni na zauna bayansa na riƙe kafaɗunsa, Aisata a gefena da buta da zane.

Damina ta wuce ta bar hanyar Dosso da gargada, jar ƙasa ta yi kunya-kunya kamar kwanon rufi. Kowane direba a nan ya san irin wannan hanya gudu take so, ƙafafun mota su riƙa taka kan kunyoyin kawai. Yakuba ya sani. Amma Aisata tana ta roƙonsa ya bi a hankali, shi ma yana jin kunyar a ce ya yi tsere da mara lafiya. Sai ya bi a hankali. Motar ta riƙa karkarwa, ƙofofi suna kaɗawa. Ina jin kowace girgiza tana bi ta ƙasusuwan Siddo zuwa tafin hannuna. Bai yi nishi ba. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

Mun bar gonakin bayan gari sai ya yi magana, ba tare da ya juya ba.

"Yakuba, wannan ce kuke cewa ta ci tsere a ƙasar Kenya?"

"Irinta ce, Baba."

"To ni kashe ni take yi. Sake ta in gani."

Aisata ta fara salati. Yakuba ya dube ni ta madubi. Na gyara riƙon kafaɗun Siddo. Ya taka.

Da farko girgizar ta ƙaru. Can sai ta ɗauke gaba ɗaya, kamar mun hau ruwa. Giginyu suna wucewa. Siddo ya miƙa hannu ya dafa ƙarfen gabansa, ya karkatar da kai yana sauraren injin. Ya daɗe haka.

"Muni dai tana da shi," ya ce.

Yakuba ya yi dariya har ya share ido. Ya shiga ba shi labarin yadda take yi a hanyar Malanville da lodi, da abin da take sha, da direban da ya wuce a Kamba ran kasuwa. Yana ta magana, yana barin gurbi don a musa masa. Ba a musa ba.

Ban san daidai inda Siddo ya cika ba. Na dai ji kafaɗun sun yi nauyi, hannun ya sauka a cinyarsa. Na bar Yakuba ya ƙarasa zancen da yake yi, sannan na ce ya tsaya.

Ya tsaya kusa da wata rijiyar Fulani. Aisata ta fito ta rufe masa ido, ta lulluɓe shi da zanen. Wata mata mai jan ruwa ta saki guga ta zo ta tsaya tare da ita, ba su san juna ba.

Muka juya. Yakuba bai sake gudu ba, ni ma ban ce ya yi ba. Har Gaya motar tana karkarwa, na sa tafina tsakanin kan Siddo da gilashi.