Takardar da Ta Ara wa Auta

Ungozoma ta zauna a bencin ofishin ma'aikata, ta zare takalmi ɗaya tana murza dunduniya. Shekararta ashirin da uku a ɗakin haihuwa, amma yau sai an tantance ta. Asibitin ya koma sabuwar rajistar kwamfuta da ake kira bulokcen. Duk wanda lambar takardar shaidarsa ba ta ciki, ƙofar ɗakin aiki ba za ta buɗe masa ba.

Akawu ya buga lambar, ya sake bugawa, ya sosa ƙeya.

"Mama, an riga ki. Wata ta shigar da lambar nan tun watan jiya, a wani asibiti."

Ya juyo mata da kwamfutar. Hoton ƙanwarta Auta ne, da farar hula. Tun shekarar da mijin Auta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, Ungozoma da kanta ta ara mata takardar, aka yi kwafi aka sauya suna. Auta kuwa shekara ɗaya ta yi a makarantar ungozoma ta bari.

"To, goge mana, ɗan nan."

"Ai ba da fensir aka rubuta ba, Mama. Rajistar tana asibiti ɗari, ko shugaba bai isa ya goge ba. Sai dai ki cike wannan fom, ki ce tata jabu ce."

Ta fita baranda ta kira Auta a waya.

"Haba Yaya, ke da kowa ya sani, wa zai tambaye ki takarda?"

"Ƙofa ce ke tambaya, Auta. Ƙofa ba ta san ni ba."

"Yaya, yaran nan fa."

Ungozoma ta kashe wayar. Ƙafa ta ja ta zuwa ɗakin haihuwa kamar kullum. Wata mata na nishi a ciki. Ungozoma ta kara katin aikinta a ƙofa, ƙofar ta nuna jar wuta. Ta gilashi ta hango sabuwar nas tana laluben safar hannu. Ta tuna Auta ma ko rabin karatun wannan ba ta yi ba, kuma a can asibitinsu wata mai naƙuda na kwance a gabanta.

Ta koma ofis tana jan ƙafa, ta saka tabarau.

"Ara mini biro."

A gurbin da aka tambayi ko ta san mai laifin, ta daɗe tana kallo, sannan ta rubuta: ƙanwata ce, ni na ba ta.