Bijimin da Yero ya ɗauka a dantse

Hantsi ne, ruwan safe ya ɗauke, ƙasa na ta ƙamshi a kasuwar Kurfi. Abraham direban babbar motar tangul daga Dutsin-Ma ya zauna aski wajen Lawal wanzami, ya naɗe hannun riga. Sai ga zanen jirgin ruwa a dantsensa, shuɗi, har da hayaƙi.

Ya ce wani tsohon Ba'amurke ne ya zana masa lokacin da yake aikin jirgi. Wai tsohon da sojojin ƙasarsu ya fara, da allura da tawada, har ya rasa wurin zane a jikinsa shi kansa.

Lawal ya ce, "Allura kawai? Mu da muke da aska!"

To, akwai Yero, makiyayi daga Barkiya, yana jiran layi. Bijiminsa da yake ji da shi ya mutu kwanan nan. Ya miƙa dantse ya ce, "Malam Lawal, mayar mini da shi nan."

Lawal bai taɓa zana ko kaza ba. Amma ya bar askin Abraham a rabi, ya ɗaga kai, ya hango wani bijimi ɗaure a gindin tsamiya, ya riƙa dubansa yana tsagawa, yana shafa baƙin tukunya. Wallahi zane ya yi kyau.

Gogo mai nono ta leƙo, ta riƙe baki. "Yero, me ya kai bijimin Sabitu jikinka?"

"Wane Sabitu, Gogo? Nawa ne!"

"Naka ƙahonsa a miƙe yake. Wannan mai ƙahon hagu a karkace, ko jariri a ruga ya san na Sabitu ne."

Yero ya duba dantse, ya duba gindin tsamiya. Shi da Sabitu ko gaisawa ba sa yi tun rigimar mashaya.

"Goge shi!"

Lawal ya sosa ƙeya. "Ai Yero, wannan sai dai a tafi da shi kabari. Ni a wurina bijimi bijimi ne."

Ga shi rigar Yero ba hannu, hanyar gida kuwa sai ta kara, wato kasuwar shanu, inda Fulani suka cika, Sabitu a tsakiyarsu. Ya tsaya ya dafe dantse, ya kasa gaba ya kasa baya.

Abraham ya tashi da rabin aski, ya tuɓe rigarsa mai dogon hannu ya rataya masa a kafaɗa. Yero ya zura, ya ɗauki sandarsa ya nufi kara, ko waiwaye bai yi ba.